Ashirin Da Biyu Na Bari

Shafi na 17

Na ga saƙonninku tun jiya. Masu cewa ba ni da imani, masu cewa da su ne ni da sun yi fiye da haka, har da baiwar Allahn da ta rubuto cewa tata yayar ma haka take, zuciya kamar dutse. Duk na karanta, ban goge ko ɗaya ba. Ku ajiye sandunanku tukuna ku ji abin da ya faru ana gobe za a yanke wa Dogo hukunci. In kun gama, mai duka ya doka.

Ga waɗanda yau suka shigo: Dogo ƙanena ne, kafinta. Shekara uku da suka wuce kabad ta danne shi a kan matakala, likita ya rubuta masa maganin kashe zafi, bayansa ya warke amma maganin ya ƙi sakinsa. Bara ya kwashe na Mama gaba ɗaya, alhali ciwon daji yana cin ƙashinta. Kwana biyu ta yi tana cizon bargo. Ni na kai shi ƙara. Kotu ta yi masa ɗaurin talala na shekara biyu, da sharaɗin gwajin fitsari duk mako, da umarnin kada ya taka gidanmu har shekara ɗaya. Mako uku da suka wuce, ranar Talata, na manta mukullaina na dawo gida da hantsi, na tarar da shi a ɗakin Mama, kwalbar maganinta a hannunsa a buɗe. Ban tambaye shi komai ba. Na fita waje na kira 'yan sanda. Sun samu ƙwaya biyar a aljihunsa, cikin ɗan gwangwanin da yake zuba ƙananan ƙusoshi. Ya amsa laifi biyun, karya umarni da riƙe magani ba takardar likita.

To, ranar Litinin da la'asar lauyarsa ta kira ni.

Ofishinta ɗaki ne ɗaya, fayil a kan tebur, fayil a kan kujera, sai da ta kwashe wasu ta ɗora a ƙasa kafin na samu wurin zama. Na san abin da take so. Na riga na rubuta wa kotu bayani shafi biyu, na ce an ba shi dama ya watsar, a ɗaure shi mu huta. So take in sassauta. Na gaya mata kada ta ɓata yawunta, ni da ita duk muna da aikin yi. Ba ta ja ba. Ta turo min wata takarda, ta ce to in sa hannu a nan kawai, shaidar cewa kwalbar da 'yan sanda suka ɗauka ta Mama ce, don a dawo mana da ita in an gama.

Na ɗauki biro. Idona ya sauka a layi na biyu. Kwalba ɗaya, ƙwaya talatin da ɗaya a ciki.

"An yi kuskure a nan," na ce.

"Wane iri?"

"Ashirin da biyu na bari."

Ta yi ɗan murmushin da ake yi wa wanda ya gaji, ta ce mutum yana mantuwa, balle mai jinya. Abin ya sosa min rai. Shekara goma sha shida ina aiki a ma'ajiyar magani ta asibiti. Da ƙirga ƙwaya nake cin abinci, biyar-biyar, da ɗan cokali mai faɗi a kan faranti. Na iya manta ranar haihuwata, na iya manta tukunya a wuta, amma ban taɓa manta abin da na bari a kwalba ba. Kullum safe da yamma in na ba Mama nata, sai in manna salatif a gindin kwalbar in rubuta abin da ya rage.

Na ce ta duba hoton da 'yan sanda suka ɗauka.

Ta buɗe fayil, ta zaro hotunan, ta juya na uku. Ga gindin kwalba, ga salatif, ga rubutuna, irin biyun nan tawa mai doguwar jela. Ashirin da biyu.



"Tara sun ƙaru," ta ce a hankali.

Lissafin ya riga bakina. Ɓarawo ba ya barin kwalba ta fi yadda ya same ta. Abin da na gani da idona, hannunsa a bakin kwalba, gaskiya ne, amma ban tsaya na ga inda hannun ya nufa ba.

Lauyar ta jawo wata takarda, ta ce ta sha nuna min wannan na ƙi dubawa. Sakamakon gwajin fitsarinsa ne, mako arba'in da ɗaya a jere, har da na ranar da aka kama shi. Babu komai. Da can in ta ambata sai in ce ai irinsu sun san yadda ake yi, fitsarin wani yake kaiwa. Haka nake, in na yanke wa mutum hukunci a zuciyata, duk abin da aka kawo min daga baya sai in nema masa gurbi a cikin hukuncin.

"To daga ina ya samo goma sha huɗu?" ta tambaya. "Tara a kwalba, biyar a gwangwani. Shi ya ƙi faɗa min. Ke ce mai mukullin akwatin magani."

Na ɗauki jakata na fita ban sa hannun ba.

*

Da na isa gida maƙwabciyarmu, wadda take zama da Mama in ina wurin aiki, tana naɗe tabarmarta. Ta ce yau ma Mama ba ta ci wani abin kirki ba, shayi kawai, rabin kofi. Na yi mata godiya ta tafi.

Mama tana kwance fuskarta a bango, kamar yadda take yi min tun ranar da aka tafi da Dogo. Mako uku ba ta ce min komai ba sai ruwa, sai juya ni, sai kashe fitila.

Na zauna a bakin gadon. Sai a lokacin na lura gadon bai yi ƙara ba. Gadon nan shekara biyu yana kuka in an zauna, ni kaina na sha cewa zan nemo mai gyara. Na tashi na sake zama. Shiru. Na dubi taga, sakatar da muke ɗaurewa da igiya ta koma daidai. Kujerar da ƙafarta ɗaya take rawa an sa mata sabon katako, an goge shi sumul. Duk na gan su a lokacinsu, na ce mijin maƙwabciya ne, Allah Ya saka masa. Ko sau ɗaya ban yi masa godiya ba, shi ya sa bai samu damar cewa ba shi ba ne.

Ƙarfe shida ya yi. Na buɗe akwati, na ɗauko sabuwar kwalbar da likita ya rubuta mana, na zaro ɗaya, na tallafi kanta. Ta karɓa kamar kullum, ta kai hannu baki, ta kurɓi ruwa. Kullum a daidai nan nake juyawa in ajiye kofi in rubuta lamba. Yau ban juya ba.

Hannunta ya sauko a dunƙule, ya nufi ƙarƙashin filo.

Na riƙe shi. Hannun ba nauyi, kamar na riƙe ƙirare. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙwayar tsakanin na tsakiya da na kusa da shi, ko jiƙewa ba ta yi ba.

Na zare rigar filon, na bi kalmasar da yatsa. An warware zare kaɗan a kusurwa. Na matso su suka faɗo a kan zanina, guda huɗu.

"Mama."

Ta rufe ido.

"Mama, tun yaushe?"

"Na yammacin Litinin da na safiyar Talata kawai," ta ce, kamar mai roƙon a rage mata farashi. "Sauran duk ina sha."

Duk ranar Talata nake zuwa aiki da kumburarren ido saboda nishinta ya hana ni barci. Har wurin likita na je na ce ciwon yana ƙaruwa, a duba mana. Ya duba, ya ce abin mamaki ne da yake zaɓar rana.

Sauran maganar a hankali ta fito, tana yi tana hutawa. Ranar Talata maƙwabciya tana kai jikarta asibiti, daga goma zuwa ɗaya gidan ba kowa. Mama ce ta kira Dogo, da wayar da na saya mata don ta riƙa kirana. Ran farko ya ƙi, ya ce Mama akwai umarni. Ta ce umarnin ya zo ya ɗaga ta ta ga rana mana. Wata huɗu ba ta zauna a bakin taga ba, don ni ba na iya ɗaukarta, maƙwabciya ma haka. Ya zo. Ya ɗauke ta cak ya zaunar a kujera, ya wanke mata ƙafa, ya yanke mata farce, ya mai da ita kafin ɗaya.

"To maganin fa?"

"Hannunsa rawa yake," ta ce. "Ya miƙo min kofi, kofin yana buga haƙorina. Gumi a goshinsa, ana sanyi. Na san abin da jikinsa yake nema. Na ce yaron nan in ya fita daga nan bayan tasha zai je, ya sayi irin wadda ta kashe ɗan mai walda. Gara ya sha mai tsabta daga hannuna."

"Ki ba shi naki, ke ki kwana kina kuka."

"Ni na saba."

Na so in yi faɗa. Faɗa ne abin da na fi iyawa a duniya, kowa a gidanmu ya shaida. Amma na buɗe baki ban samu wanda zan yi wa ba.

Ta ce da farko ya ƙi karɓa, har ya yi fushi. Ta rantse masa in bai karɓa ba ita ma ba za ta sha ba, a tukunyar bayan gida za ta jefa. Sai ya karɓa ya sa a gwangwani. Duk mako ta tambaye shi ya sha, ya ce ya sha. Mako bakwai. Sai ranar da na bar mukullaina a kan tebur, ya gan su, ya buɗe akwati, ya fara zuba su a kwalba yana ƙirgawa. A nan ta gane ko ɗaya bai taɓa ba. Tana cikin yi masa faɗan ya yaudare ta na turo ƙofa.

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Mama? Ina tsaye, 'yan sanda suna tsaye."

"Ya sa na rantse. Kafin su shigo ya durƙusa a nan ya ce in na buɗe baki ba zai yafe min ba." Ta buɗe ido ta dube ni, karo na farko cikin mako uku. "Ke kuma ba ki tambaya ba."

Gaskiya ta faɗa. Ban tambaya ba.

Na nuna mata huɗun da suke kan zanina, da ta biyar a tafina, na ce waɗannan kuma na wa, tunda ta san ba ya sha, kuma yana tsare. Sai ta ce ba ta sani ba. Ta ce in Litinin ta yi hannunta ne kawai yake yi, don in ta daina ajiyewa kamar ta yarda ba zai sake zuwa ba.

Na sa mata ƙwayar a baki da hannuna, na tsaya har ta haɗiye, na ce ta buɗe in gani. Ta buɗe kamar ƙaramar yarinya.

"Gobe ki faɗa musu ni ce," ta ce. "Rantsuwar ni na yi, ba ke ba. Me za su yi min? Ɗauri? Gadon nan ya riga su."

*

Washegari tun kafin tara ina kotu. Lauyar ta saurare ni a tsaye a baranda, fayil a ƙirjinta. Na zaci za ta yi murna. Sai ta ja dogon numfashi ta ce in fahimci abu ɗaya kafin in buɗe baki a gaban alƙali. A takarda, sau ɗaya Dogo ya karya umarni. In na faɗi gaskiya, ya zama sau takwas: bakwai da ba wanda ya sani, da ranar da aka kama shi. Gaskiyar za ta wanke shi daga sata, ta kuma ninka masa ɗayan laifin. Ta ce akwai alƙalin da zai ji tausayi, akwai wanda zai ga an mai da kotunsa abin wasa, kuma ita ba ta san wanne za mu samu yau ba.

Ta roƙa aka ba mu minti biyar da shi a ɗakin tsare masu jiran shari'a, can ƙasan bene. Benci ɗaya, taga ƙarama mai ƙarfe, warin sabulun wanke ƙasa. Ya rame, gemu ya fito masa. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, kamar yadda yake yi tun yana yaro in na shigo ɗaki da bulala.

"Ina kwana, Yaya. Ya jikin Mama?"

Na ce na ga kalmasar filo.

Ya koma ya zauna.

"Ta karya rantsuwa kenan."

"Ni na kama ta. Kai, wane irin wawa ne kai? Ka tsaya ina kiran 'yan sanda, bakinka yana nan, ba ka ce Yaya mayarwa nake ba?"

"Da kin yarda?"



"Ko ni ba zan yarda da ni ba," ya ce, ba da fushi ba. "Bara na kwashe mata duka, Yaya. Ina jin kukanta ta bango na sa filo a kunne. Wancan ɗaurin da aka ɗage min, ai na ci shi tun tuni. In an ba ni yau, ba a zalunce ni ba."

Na ce ba wannan ake magana ba. Ya ce to ga wadda ake yi: in kotu ta ji majinyaciya tana ba wani maganinta, likita zai daina ba mu shi a gida. Za a mai da ita asibiti, a riƙa ba ta a gaban ma'aikaciya. Kuma na san abin da ta roƙe mu tun ranar da aka faɗa mata sunan ciwon, cewa kada mu bari ta cika a ɗakin da ba ta san rufinsa ba. Wannan ma gaskiya ne, ni da nake aiki a can na fi shi sani.

"Shekara biyu ba komai ba ce," ya ce. "Zan koyi wani abu a ciki. An ce suna da wurin aikin katako."

"Ita ba ta da shekara biyu, Dogo. Likita ya ce in ta ga wata shida, a gode wa Allah."

Ban taɓa faɗa masa ba. Na riƙe shi ni kaɗai wata biyu, saboda a ganina bai cancanci ya sani ba. Na ga maganar ta shige shi kamar ƙusa a danyen katako, ba ƙara. Gandiroba ya buga ƙofa ya ce lokaci ya yi.

"Duk da haka kada ki faɗa," ya ce yana miƙewa. "Don Allah, Yaya."

*

Shari'armu ce ta huɗu. Na zauna ina kallon na gabanmu. Wani direba da aka hana tuƙi ya yi tuƙi, wata shida. Wata mata da aka kama da kwalaben maganin tari a ƙasan kayan gwanjo, shekara ɗaya da rabi. Alƙalin dattijo ne mai furfura a gira, ba ya ɗaga murya. Na lura da wata ɗabi'arsa: in yana saurare biron yana rufe a kan tebur, in ya cire murfin to ya gama yanke shawara.

Aka shigo da Dogo aka tsayar a akwatin katakon da ake tsayar da masu laifi. Ina ganinsa yana shafa kusurwar da babban yatsa, inda haɗin ya buɗe. Ko a nan idonsa a kan aikin wani kafinta yake.

Mai gabatar da ƙara ya karanta abin da kowa ya sani. An ba shi dama, an gindaya sharaɗi, ya shiga gidan da aka hana shi, an same shi da kwalbar majinyaciya a hannu da ƙwaya biyar a aljihu. Ya nemi a tayar da shekara biyun, a ƙara masa na sabon laifi. Lauyar ta tashi ta kawo gwajin mako arba'in da ɗaya, da takardar maigidansa a wurin aiki. Ba ta ambaci kwalba ba. Ta bar min wannan, kamar yadda muka yi.

Alƙali ya ɗago bayanina, shafi biyun nan. Ya tambaya ko wadda ta rubuta tana nan. Na miƙe.

"Ke kika nemi a sa wannan umarni bara?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kuma ke kika rubuta nan cewa ƙanenki ba zai taɓa canzawa ba. Kina nan a kan maganarki?"

Yatsunsa suna kan murfin biro. Dogo yana girgiza min kai a hankali, kaɗan-kaɗan, yadda ba wanda zai lura sai ni.

Na tuna rufin ɗakin Mama, da tabon ruwan da take cewa ya yi kama da akuya. Na tuna kujerar bakin taga. Ko wanne na zaɓa sai na ƙwace mata ɗaya. Amma ita ta riga ta zaɓa jiya, da bakinta, kuma na gaji da yanke wa mutanen gidanmu abin da ya dace da su ba tare da na tambaye su ba.

"A'a, ranka ya daɗe. Na janye."

Na roƙi a duba hoto na uku. Na faɗi aikina, na faɗi salatif, na faɗi ashirin da biyu da talatin da ɗaya. Magatakarda ya miƙa masa hoton. Ya ɗaga gilashinsa ya kai hoton kusa da ido, ya daɗe. Mai gabatar da ƙara ya fara juya nasa fayil ɗin da sauri.

"To wa ya ba shi goma sha huɗun?"

"Ni na sata," Dogo ya ce daga akwati.

"Ba kai na tambaya ba."

"Mahaifiyarmu ce," na ce. Na faɗi Litinin da Talata, na faɗi kalmasar filo, da kofin da yake buga haƙori. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba.

Alƙali ya cire gilashin ya ajiye. Ya ce shekara da shekaru yana wannan kujera, mutane suna zuwa su yi ƙarya don su fita, yau ga wanda yake ƙarya don ya shiga. Ya ce amma mu fahimta, umarnin kotu ba shawara ba ce. An sa shi ne don a kare mace marar lafiya, kuma ga shi saboda an karya shi ta yi mako bakwai tana kwana da ciwon da maganinsa yake ƙarƙashin kanta. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na ga Dogo ma ya sunkuyar da kai.

Sai ya juya gare shi.

"Yanzu kai nake tambaya. Sau nawa ka shiga gidan nan?"

Lauyar ta yi yunƙurin tashi. Ya ɗaga mata hannu ta koma.

"Duk ranar da ta kira ni, ranka ya daɗe."

"Ka san akwai umarni?"

"Na sani."

"To saurara da kyau, kada ka yi gaggawa. Umarnin nan saura wata biyu da 'yan kwanaki ya ƙare. Idan na sake ka yau, na bar shi yadda yake, gobe ta ɗauki waya ta kira ka. Me za ka yi?"

Ni da lauya muka dube shi a tare. Kalma ɗaya ake nema. Yaro ma ya san amsar da za ta buɗe ƙofa. A zuciyata ina cewa yi ƙarya, Dogo, ka yi min ita shekara uku, ka yi wa Mama mako bakwai, ka yi wa kotun nan minti biyar da suka wuce, yi ɗaya tak ta ƙarshe.

Ya sake shafa kusurwar katakon. Hannun ba ya rawa.

"Zan je, ranka ya daɗe."

Alƙali ya dube shi, ya dube ni. Sannan ya miƙa hannu ya cire murfin biro.